Amsa ga ɗana mai tambaya daga Birnin Kebbi

Assalamu alaikum, ɗana.

Ranar Asabar ka bugo waya filin rediyo ka tambaye ni: tunda ƙirƙirarriyar basira ta yi karatunta ne a littattafan Turawan mulkin mallaka da magadansu, shin a tilasta mata ta gyara zaluncin da aka yi wa tarihinmu? Lokaci ya ƙure ban amsa ba. Waɗanda suka bugo bayanka sun rabu biyu: wasu a gyara ko ta halin ƙaƙa, wasu a bar na'ura ta faɗi abin da ta tarar.

Son kan nan akwai shi. A 2018 wata mai bincike, Joy Buolamwini, ta gwada manhajojin tantance fuska a Amurka. Kuskurensu kan fararen maza bai kai kashi 1 cikin 100 ba, kan baƙaƙen mata ya kusa kashi 35. Ni ma na gani a ajina. Wata ɗalibata ta nemi labarin Kanta, wanda ya kafa masarautar Kabi, a wayarta, aka ba ta layi huɗu, ko ganuwar birninsa Surame babu. Da ta nemi na wani sarkin Ingila, sai da yatsanta ya gaji da jan allon.

Abin da nake tsoro shi ne gyaran gangar Auzinawa. A Fabrairun 2024 Google ya dakatar da zanen mutane a Gemini, manhajarsa ta ƙirƙirarriyar basira, bayan ta zana sojojin Jamus na zamanin Hitila da baƙar fata, wai don kowa ya samu wakilci. Ƙarya ce aka sa wa riga.

Kuma wa za a ba alƙalamin gyaran? Nan gida ma, yadda Bakabe ke ba da labarin yaƙe-yaƙen ƙarni na 19 daban, na mutumin Gwandu daban. Sai a 1934 Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya zo Argungu bayan doguwar gaba, aka yi masa bikin kamun kifi. An kuma yi cinikin bayi a ƙasar nan. Ba na son na'urar da za ta share wannan don ta faranta mana rai.

Ra'ayina, a ƙara mata abin da aka hana ta, daga bakin kowane ɓangare. Takardun ajami suna nan cikin gafaka a zaurukan Gwandu, gara na ci. Gwaggona ta haddace kirarin sarakunan Kabi, muryarta kuwa kullum ƙara dishewa take yi.

Ka zo Argungu ranar Juma'a da wayarka cike da caji, mu je mu naɗi muryarta bayan la'asar.

Naka,
Malamin tarihi, Argungu