A Kwashe Yashin Gefen Titin Wudil Zuwa Gaya

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Na karanta rahotonku kan matasan Kano masu hawan keke ran Asabar da Lahadi don motsa jini, har Wudil da Gaya. Abin sha'awa ne, amma ba ku taɓo halin gefen titin ba.

A bazarar nan iska ta tara yashi a bakin kwalta. Tayar kekunansu siririya ce, tana shiga yashi take zamewa, dole su koma tsakiyar titi inda tireloli ke gudu. Mu masu kai gero kasuwa a keke mun daɗe muna fama da wannan, jarida ce dai ba ta leƙo mu ba.

Ina roƙon hukumar da ke kula da titin ta kwashe yashin kafin ruwa ya sauka, jami'an kiyaye haɗurra kuma su riƙa raka ayarin.

Wani manomi, daga Gaya