Wasiƙa Zuwa Ga Abokan Cinikinmu Kan Aikin Titi Da Ƙarin Farashi

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Iyayenmu Alhazai da Hajiyoyi, da 'yan'uwa maza da mata mazauna Shikago da kewaye, muna gaishe ku da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Ya zama dole mu rubuto muku saboda maganganun da ke dawo mana daga harabar masallaci da wuraren suna, cewa wai shagonmu na dab da rufewa, wasu kuma na cewa hukuma ta ba mu kaso daga kuɗin gyaran titi, muka saka a aljihu, sannan muka ƙara wa jama'a kuɗin gero da manja. Babu gaskiya a cikin ko ɗaya, kuma abin ya sosa mana rai, domin mun ɗauka shekarun da muka yi tare sun isa a zo a tambaye mu ido da ido.

Duk wanda ya zo kwanan nan ya ga halin da ƙofarmu take ciki. An fasa kwalta, an kafa shinge, wuraren ajiye mota sun tafi, babbar motar da ke kawo mana buhuna ba ta iya tsayawa a bakin shago, sai a sauke kaya a can kwana, yaranmu su turo su a baro ta kan katakon da aka shimfiɗa a kan rami. Mai kawo kayan ya ƙara kuɗin saukewa saboda lokacin da yake ɓatawa. Ba mu ƙi gyara ba, kun san ramukan da ƙanƙara da gishirin da ake barbazawa don narkar da ita ke bari a titin nan bayan kowane hunturu.

Kuɗin aikin yana fitowa ne daga tsarin da ake kira TIF, wato asusun ƙarin haraji, kuma a nan ne rashin fahimtar ya samo asali. Idan majalisar birni ta shata wata unguwa, ana rubuta darajar gine-ginenta ta wannan shekarar a tsayar da ita. Harajin wannan tsohuwar darajar yana ci gaba da tafiya inda ya saba, wato makarantu, wuraren shaƙatawa, gunduma da sauransu, amma duk harajin da ya hau a kan ƙarin darajar da aka samu daga baya, asusun unguwar yake shiga, a yi titi, fitilu, magudanan ruwa da makamantansu da shi. A Kalifoniya aka fara wannan dabara a 1952, jihar Illinois ta yi dokarta a 1977, Shikago kuma ta buɗe asusunta na farko a tsakiyar gari a 1984, zamanin magajin gari Harold Washington. Asusu ɗaya yana ɗaukar shekara 23, ana iya ƙara masa 12, kuma a 'yan shekarun nan abin da asusan birnin ke tarawa ya haura dala biliyan 1 a shekara. An daɗe ana muhawara a kai, masu suka na cewa makarantu ne ke asarar kuɗin, masu goyon baya na cewa ba don shi ba da wasu unguwannin ba su farfaɗo ba. Mu 'yan kasuwa ne, wannan muhawara ta fi ƙarfinmu.

Abin da ya shafe mu shi ne, TIF ba sabon haraji ba ne, amma darajar gini tana tashi idan unguwa ta gyaru, haraji kuma yana bin daraja. Gundumar Cook, wadda Shikago ke cikinta, tana sake kimanta gine-gine duk bayan shekara 3, an yi wa Shikago a 2021 da 2024, kuma ginin kasuwanci ana lissafa shi a kan kashi 25 cikin 100 na darajarsa, alhali gidan zama kashi 10 ne. Yarjejeniyar hayarmu ta ɗora wa ɗan haya kasonsa na harajin gini, saboda haka mai ginin, wanda ba ya ko zama a birnin nan, takardar kawai yake turo mana. Mun nemi ya yi mana sassauci har aikin ya ƙare, ya ce lauyansa zai duba, har yau shiru.

Game da batun tallafi, gaskiya ne akwai shirin da birni ke taimaka wa ƙananan 'yan kasuwa da kuɗin TIF domin gyaran gini, kamar rufi, tagogi ko na'urar ɗumama ɗaki. Sai dai mutum ne zai fara kashe kuɗinsa, daga baya a mayar masa da wani kaso, kuma ba a biyan haya ko sayen kaya da shi. Ko sisin kwabo bai shigo hannunmu ba.

Muna nan muna duba hanyoyin da za mu rage muku wahala, muna kuma tattaunawa da waɗanda abin ya shafa, da zarar an samu wani abu tabbatacce za mu sanar da ku. Ƙofar lungun baya a buɗe take ga wanda zai ɗauki buhu. Farashin da aka ƙara, in Allah ya yarda, za a sake duba shi idan al'amura suka daidaita.

Ba za mu manta da Hajiyar da ta fara sayen daddawa da kuka a wurinmu tana goye da ɗa ba, yau ɗan ne ke tuƙo ta, yana zagaye unguwa yana neman wurin tsayawa. Haka direbobin tasi da suka riƙe mu tun muna da firji guda, da uwayen da ke ba mu odar kayan buɗa-baki kowane azumi, daga 'yan Kumasi har 'yan Damagaram. Mun san wasunku sun fara zuwa manyan kantuna inda filin ajiye mota ke da faɗi, ba mu ga laifinku ba, kowa da uzurinsa. Muna dai roƙon wanda muka taɓa rubuta wa bashi a littafi ba tare da mun tambaye shi ranar biya ba, ya leƙo mu ko da gaisuwa ce.

Allah ya saka muku da alheri, ya yi wa nemanku albarka.

Wassalam,
Naku, masu shago da ma'aikata