Baƙin bikin Argungu suna komawa gida ba tsaraba

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ni haifaffen ƙasar Argungu ne. Na yi shekara 31 ina aikin malamin gona, ina yawo a kan babur tsakanin Gulma da Alwasa da Lailaba har zuwa Augie, kafin in yi ritaya in koma 'yar gonata ta fadama.

Duk Bakabe yana alfahari da bikin kamun kifinmu, kuma da dalili. Tun 1934 aka fara shi, lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara Argungu, aka binne tsohuwar gabar da ke tsakanin Kabi da Sakkwato. A 2016 hukumar UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun da duniya ta gada. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin kogin Matan Fada ya ga dubban masunta sun kwasa da gudu, kowa da homarsa da gorarsa, sun faɗa ruwa lokaci guda, ba zai manta ba. To amma gasar kanta ba ta wuce kamar awa ɗaya, bikin duka kwana 4 ne. Idan aka watse, me ya rage a hannun manomi?

A watan Maris na 2020, da aka dawo da bikin bayan kimanin shekara 10 ba a yi ba, na sauki baƙi 5 daga Kaduna, abokan karatun ɗana. Sun ga giwan ruwa mai kilo 78 da ta ci gasa, sun kalli wasannin Kabanci na cikin ruwa, sun ci tuwon shinkafa da miyar kifi a gidana har ɗayansu ya ce bai taɓa cin shinkafa mai ƙamshin wannan ba. Ranar tafiya ya ce, "Baba, ina za mu sayi tsarabar Argungu?" Wallahi sai na rasa amsa. Muka zagaya rumfuna. Akwai lemon kwalba, akwai tabarau da hulunan da aka sauko da su daga Kano, akwai biskit. Daga ƙarshe muka samu wata dattijuwa da tarwaɗa ta banda, mai kyau ƙwarai, ta naɗe musu a tsohuwar takardar siminti, maiƙo na ɗiga. Shinkafar kuwa sai daga rumbuna na ɗebo musu a leda. Yaron ya riƙe kuɗinsa a hannu yana neman inda zai kashe su, ya koma da su Kaduna. Har yau abin yana yi mini ciwo.

Ba don ba mu da kaya ba ne. Jihar Kebbi ce aka zaɓa a Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin ba manoman shinkafa rance na Babban Bankin Najeriya, a Birnin Kebbi. A ƙarshen 2016 shinkafarmu ta shiga kasuwannin Legas da sunan Lake Rice. A 2017 aka buɗe babban injin casar shinkafa na WACOT a nan cikin Argungu. Duk wannan ci gaba ne, ban raina ba. Sai dai manomi a cikinsa mai sayar da shanshera ne kawai. Ya auna a buhu, a loda a mota, ribar casa da ta kwali da ta suna duk ta wani ce.

Yayata tana gumin shinkafa tun ina yaro, kuma har yanzu ba ta bari ba. Takan jiƙa shanshera a ruwan ɗumi ta kwana, da asuba ta tsame, ta zuba a rabin ganga da ɗan ruwa a ƙasa, ta rufe da buhu, ta hura wuta. Ba ta duba agogo. Idan ta ɗaga buhun ta ga ƙaiƙayi ya fara tsagewa, ta san ta yi. Sai shanya, tana juyawa da ƙafa, ba ta bari rana ta yi mata yawa don kada ta karye a inji. Bayan inji ga bakace, ga tsintar tsakuwa a faifai ɗaya bayan ɗaya. Aikin kwana 3 ne. Dillali ya zo ya saya da mudu, kuma na taɓa ganin irin wannan shinkafar an juye ta a buhun 'yar waje a wata kasuwa ana sayarwa da tsada. Gumin yayata ne, sunan wata ƙasa ne a jiki. Ga kuma jar shinkafarmu ta gargajiya, wadda kakanninmu suka noma a fadama tun kafin zuwan Turawa, tana ɓacewa a hankali don babu mai tallata ta, alhali mutanen birni yanzu irin ta suke nema.

Albasar Aliero fa? Tireloli ke ɗaukar ta zuwa kudu da maƙwabtan ƙasashe. Lokacin kaka farashi ya faɗi warwas, wadda aka ajiye a rudu, wato ma'ajiyar albasa, kuma wani kaso mai yawa ya ruɓe kafin ta yi daraja. Ba na jin an rasa matan da za su iya yanka ta, a busar, a niƙa, a sa a gwangwani mai murfi tare da gabu, abin da ba ya lalacewa wata da watanni.

Mu leƙa maƙwabtanmu. Galmi ƙaramin gari ne a jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar, a kan hanyar Ƙonni zuwa Madawa, Hausawa ne 'yan uwanmu. Amma sunan albasar Galmi ya kai ko'ina a Afirka ta Yamma, har irin da muke saye a shagunan kayan gona da sunan garin yake zuwa. Hukumomin Nijar sun yi wa wannan albasa rajista, ita da kilishinsu, a hukumar OAPI, mai kare haƙƙin mallakar suna da tambari a wasu ƙasashen Afirka, mai hedkwata a Yawunde, ta yadda sunan ya zama mallakar masu yin abin. Kamaru ta riga su tun 2013 da masoron Penja. Najeriya ba ta cikin wannan hukuma, amma muna da hanyar yi wa tambari rajista a ƙasarmu, kuma ƙungiyar manoma tana iya mallakar tambari ɗaya.

Ga abin da nake roƙo, kuma ba ya buƙatar biliyoyi. A ware wa masu gumi da masu banda da masu albasa da masu ƙuli-ƙuli da man shanu fili na dindindin kusa da Matan Fada, rumfunan da ba za a rushe bayan biki ba, kuma kada a bar mai kayan waje ya kafa a ciki. A samar wa ƙungiyoyin mata injin cire tsakuwa da injin liƙe leda, a taimaka musu su sami lambar NAFDAC a ƙungiyance, domin mace ɗaya ba za ta iya ɗawainiyar ba. A yi ƙananan jakunkuna na kilo 1 da kilo 5, wanda baƙo zai jefa a jakarsa, a rubuta Argungu a jiki da sunan ƙauyen da aka noma. Mai Martaba Sarkin Kabin Argungu, Alhaji Samaila Muhammad Mera, Allah ya ƙara masa lafiya, idan fada ta sa hatiminta a kan kaya mai inganci, ta hana mai algus, to magana ta ƙare, don mutanenmu suna jin maganar fada fiye da ta kowa.

Sannan baƙo ya daina zama na kwana 4 a shekara. Gidan tarihi na Kanta yana nan a buɗe, ginin 1831, fadar sarakunan Kabi har zuwa 1942. Wanda ya zo ganinsa me zai hana a sa shi a kwalekwale ya zagaya fadama lokacin yankan shinkafa, ya ga sussuka, ya zauna a tsakar gida ya ci masa da romon yauni, ya saya ya tafi? Ɗaliban jami'o'in Aliero da Birnin Kebbi da Sakkwato kaɗai sun isa su fara cika mana motoci. Na sani sai da kwanciyar hankali a kan hanya baƙo ke fitowa, wannan kuma nauyi ne a wuyan gwamnati. Idan aka haɗa kalandar da bukukuwan Rigata ta Yawuri da Uhola ta Zuru, mai zuwa ɗaya zai so ganin sauran.

Samarinmu da ke tafiya cirani Legas da Fatakwal da zarar an gama girbi, da yawansu na san iyayensu, wasu ni na koya musu dashe a layi. Aikin liƙe leda, da tuƙa baƙi, da tallar kaya a Facebook da WhatsApp, duk sun fi mu iyawa.

Mata 14 a unguwar yayata sun riga sun haɗa adashi don sayen injin cire tsakuwa, kuɗin bai kai rabi ba tukuna. Ni kuma na ware kwata ɗaya na gonata na shuka jar shinkafa don kada irin ya ƙare. Idan kwamitin shirya biki na gaba zai saurare mu, a shirye muke mu zo da samfuri a hannu.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin gona,
Argungu, Jihar Kebbi.