A saurari ƙarar mota kafin a sayi sabon batir

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da masu motoci da kuma 'yan'uwana masu gyaran wutar mota a nan Kaduna, musamman yanzu da hunturu ya kankama, motoci suna ƙin tashi da sassafe. Abin da ke damuna shi ne yadda ake garzayawa kasuwar Panteka a sayo batir ko kik, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, tun ba a gano abin da ya lalace ba, alhali ƙarar da mota take yi idan an murɗa mukulli takan nuna inda ciwon yake, in dai an tsaya an kasa kunne.

Ƙarar da aka fi kawo mana kuka a kanta ita ce ƙas-ƙas-ƙas da sauri, fitilun gaban direba suna dusashewa, inji kuwa ko motsi bai yi ba. Wannan yana nufin wutar da ke isa ga kik ba ta wadatar ba, amma ba lallai ne batirin ya mutu ba. Sau da yawa idan aka buɗe bonet za a tarar wani farin gari mai ɗan kore-kore ya lulluɓe kan batirin, ko kuma maɗaurin ya saki har yana juyawa da yatsu biyu. Sai a fara cire wayar nagetif, a kankare garin da burushin ƙarfe, a wanke da ruwan ɗumi, a ɗaure tamau, sannan a duba wayar da ta haɗa batir da jikin mota, domin ita ma takan yi tsatsa. Bayan haka ne za a sa mitar awon wutar batir. Batirin da ya cika yana nuna kimanin bolt 12.6 idan mota tana kashe, kuma bai kamata ya faɗi ƙasa da 9.6 ba a lokacin da ake murɗa mukulli. Idan inji ya tashi, ya kamata mitar ta nuna tsakanin 13.5 da 14.5; in ta gaza haka, altaneta ce, wato na'urar da ke cika batir da wuta, ba ta caji, kuma wanda ya sayi sabon batir a wannan hali zai sake tura mota ba da daɗewa ba. Mutane suna ɗora wa sanyi laifi, amma zafin Maris da Afrilu ne ke cinye batir a hankali, sanyin Disamba kuwa asirinsa kawai yake tonawa.

Idan kuma ƙas guda ɗaya aka ji mai ƙarfi, fitilu suna nan da haskensu, to a nemi matsalar a cikin kik ɗin kansa, ko dai burushinsa, wato abin da ke isar da wuta a cikinsa, ya cinye ko kuma makunnin da ke bisa kansa ya ƙone. A nan ne ake yin abin da nake so a daina, wato yaron gareji ya kwanta ƙarƙashin mota yana dukan kik da sifana, direba yana murɗa mukulli. Gaskiya ne motar takan tashi, domin girgizar tana sa burushin ya sake taɓa inda ya kamata. Mun gaji wannan dabara ne daga zamanin Peugeot 504 da aka fara haɗawa a Kakuri a 1975, lokacin da kik yake da naɗin waya mai jure duka. Yawancin na motocin yanzu maganaɗisu ne a cikinsu, wanda duka ɗaya kan fasa shi, sai gyaran da canza burushi zai wadatar ya koma sayen kik sukutum.

Ƙarar da ta fi ba ni tsoro ita ce ta gurzar ƙarfe, kamar ana niƙa tsakuwa a injin markaɗe. Haƙoran bendis ne, wato ƙaramin faifai mai haƙora da ke bakin kik, ba sa shiga daidai cikin haƙoran babban faifan da ke bayan inji, kuma kowane murɗi yana ƙara gutsure su. Canza bendis aiki ne mai sauƙi, amma idan haƙoran faifan suka lalace sai an sauke giya gaba ɗaya kafin a kai gare shi. Yawan murɗa mukulli bayan inji ya riga ya tashi yana cikin abubuwan da ke jawo wannan. Haka nan kada a riƙe mukulli fiye da daƙiƙa 10 zuwa 15 a murɗi ɗaya, a bar kik ya huce kafin a sake, kuma mota mai giyar otomatik ba a tayar da ita da turi, ko da majiya ƙarfin unguwa duka sun taru.

Kukan tsiiii da ake ji da zarar inji ya tashi yawanci fanbel ne ya saki ko ya tsufa, kuma shafa masa sabulu ƙarar kawai yake ɓoyewa. Ƙwanƙwasar da ke fitowa daga cikin inji a daƙiƙun farko kuwa maganar baƙin mai ce: ko ya yi ƙasa, ko an zuba mai kauri irin 20W-50 a injin da kamfaninsa ya rubuta 5W-30, sai ya makara wajen hawa sama da sanyin safiya. Idan ƙarar ta ci gaba ko jar fitilar mai ta ƙi mutuwa, a kashe inji nan take, a zaro sandar awon mai a duba.

Ina kira ga shugabannin ƙungiyoyin makanikai na Kawo, Tudun Wada da Kakuri da su wajabta wa kowane mai gyaran wuta mallakar mita, tunda kuɗinta bai kai ko kusa da na batir ɗaya ba. Mai mota kuma yana da haƙƙin cewa a nuna masa lambar da mitar ta bayar, mota tana kashe da kuma tana kunne, kafin ya zaro kuɗin sabon kaya.

Na gode.

Mai gyaran wutar mota,
Tudun Wada, Kaduna.