Rahoton Ayyukan Shekara ga Mambobin Ƙungiyarmu ta Tseren Mota na Kwamfuta

Ranka ya daɗe Shugaba, 'yan kwamitin gudanarwa, da sauran 'yan uwa mambobi, assalamu alaikum.

Zan fara da abin da kowa ke jira ya ji, don kada a yi ta tsallake shafuka ana nemansa: a bana ma babu ɗan ƙungiyar nan da ya samu gurbi a ɗaya daga cikin manyan gasannin duniya. Mun nema a wasan tseren iRacing, mun nema a wasan Gran Turismo, wasu sun taɓa na F1 (Formula 1), duk mun dawo hannu rabbana. Sai dai da kwamiti ya zauna ya bi sawun kowane mai nema ɗaya bayan ɗaya, abin da ya fito fili ya ba mu mamaki. Waɗanda rashin gudu ya kayar ba su da yawa. Akasari tun kafin a kai ga auna gudu aka sauke su: wani lasinsa bai kai ba, wani bai karanta sharaɗin shiga ba, wani intanet ya yanke masa, wani kuma zuciya ta ɗebe shi a kwanar farko. A kan wannan mafi yawan rahoton zai tsaya.

Batun lasin da makin kiyayewa

A nan aikin kwamitin horo ya fi yawa, a nan kuma aka fi yin gardama. Ga sababbin shiga da ke tare da mu, bari in maimaita yadda tsanin iRacing yake. Kowa daga ajin 'yan koyo yake farawa, sai D, sai C, sai B, sai A. Lasin ƙwararru yana sama da waɗannan, kuma ba a hawa shi da tara tsere kawai, sai an ci gurbi a gasar share fage. Abin da ke ɗaga mutum daga aji zuwa aji shi ne makin kiyayewa, wanda ke tsakanin 0.00 da 4.99. Na'ura tana duba kwanoni nawa ka sha, laifi nawa ka yi a cikinsu. Fita daga titi maki 1 ne, mota ta juya da kai ko ka daki bango 2, ka haɗu da wata mota da ƙarfi 4. Wanda ya ƙare kaka da 3.00 kuma ya cika adadin tseren da ake buƙata, za a ƙara masa aji. Wanda ya kai 4.00 ba sai ya jira ƙarshen kaka ba.

Abin da ya fi ƙona wa mambobi rai shi ne na'urar ba ta tambayar wa ke da laifi. An buge ka ta baya kana tafiyarka, ku biyu ne za ku kwashi huɗu-huɗu. Sau da yawa a zamanmu na mako an ce wannan zalunci ne. Ni dai ra'ayina, kuma na san ba kowa ya yarda ba, tsarin ya fi yadda muke ganinsa hikima. Cikin tsere ɗaya ana iya zaluntarka. Cikin tsere hamsin kuwa, wanda kullum shi ake bugewa ya kamata ya tambayi kansa me ke kai shi wurin da ake bugu.

Mun ga haka da idonmu a filin tseren Monza. Ɗaya daga cikin matasanmu mafi sauri, wanda ba zan kama suna ba don ya riga ya sha tsiya, ya tashi daga layi na uku. Duk wanda ya san filin ya san yadda ake tafe a guje a miƙaƙƙen titin nan, sai kwatsam a tarar da 'yar matsattsiyar kwana dama-hagu. Da muka maida bidiyon muna tafiyar da shi a hankali, sai ga fitilar birkin motar gabansa ta kama, shi kuwa ƙafarsa na kan totur tukuna, yana leƙen wata kafa ta ciki da ba ta kai faɗin mota ba. Ya shiga, ya ɗebi mota biyu, na bayansa ya ɗebe shi. Kafin a gama zagaye na farko ya tara rabin abin da ake kora da shi, domin a yawancin tseren titi maki 17 ne iyaka. Satin nan kuwa shi ne satin da yake buƙatar lasin A don ya shiga share fage. Da aka tambaye shi, cewa ya yi ya ga hanya. Mai horarwa ya ce masa, "Ƙanena, hanyar da kai kaɗai ka gani ba hanya ba ce." Wata biyu ya yi yana tashi daga can baya da gangan, yana barin masu rigima su gama da juna, kafin makinsa ya dawo. Ya dawo ɗin, amma an riga an rufe ƙofa.

Ɗaya ma'aunin, wato iRating, shi ke auna ƙarfin mutum idan aka gwada shi da abokan karawarsa, kuma da shi ake raba masu tsere rukuni-rukuni. Yawan makin gasar da za ka samu ya danganta da ƙarfin rukunin da ka faɗa. Na biyar a rukunin sama yana iya fin na ɗaya a rukunin ƙasa maki nesa ba kusa ba. Wasu daga cikinmu sun gane wannan a makare. Wasu kuma sun gane shi fiye da kima, har suka daina shiga tsere don tsoron kada lambarsu ta sauka. Kwamiti bai goyi bayan wannan ɗabi'a ba. Kaka mako 12 ce, mafi kyawun makonni 8 ake ƙirgawa, saboda haka akwai sarari na yin kuskure.

A tuna kuma tun 2024 aka raba lasin titi gida biyu, na motocin tsere masu rufi daban, na masu buɗaɗɗen taya daban. Lasin A da ka samu a nan ba ya aiki a can.

Sharuɗɗan da ba a karantawa

Wannan sashe bai kamata a ce yana cikin rahoto ba, amma ga shi. Kowace babbar gasa tana fitar da kundin dokokinta kafin a fara, kuma kusan kullum shafukan farko kan wa ya cancanci shiga suke magana: shekaru, ƙasar da mutum ke zaune, da sunan da ke kan asusu. A Gran Turismo, gasar ƙasashe da gasar kamfanonin mota suna da jerin ƙasashen da aka amince da su, kuma zuwa wasan da ake yi ido da ido sai ɗan shekara 18. A gasar kamfanoni mutum yana zaɓar kamfani guda ya ɗaure kansa da shi har ƙarshen kakar. Wani ɗan uwanmu ya zaɓi kamfanin da motarsa ta burge shi a ido, bai duba cewa manyan direbobin yankinsa duk can suka taru ba. Da ya zaɓi inda ba cunkoso, da wataƙila labari ya sha bamban.

Wanda ya fi ba mu tausayi yaro ne da ya shafe watanni yana tsere da asusun yayansa. Ya kai matakin da ake kallonsa, sai ranar rajista aka nemi katin shaida, suna ya ƙi dacewa. Duk makin da ya tara na yayan ne a dokance, wanda rabonsa da riƙe sitiyari ya fi shekara. Dole ya buɗe nasa ya koma ajin 'yan koyo. Ba a fafe gora ranar tafiya. Daga bana, duk mai son ƙungiya ta tsaya masa a share fage sai ya zauna da sakatare sun karanta sharuɗɗan tare, sati biyu kafin a buɗe rajista.

Kada wani ya ɗauka batun suna wasa ne. A watan Mayun 2020 Daniel Abt, direban gaske a Formula E, gasar motoci masu amfani da lantarki, ya sa wani ƙwararren ɗan tseren kwamfuta ya tuƙa a madadinsa a wata gasar intanet. Abokan karawarsa suka yi zargi, aka bincika, aka gano. An soke sakamakonsa, an umarce shi ya ba da Yuro 10,000 ga ayyukan jinƙai, Audi da yake tuƙa wa mota kuma ta raba gari da shi. Wata guda kafin nan Kyle Larson, direban gasar NASCAR ta Amurka, ya furta kalmar wariyar launin fata a wani tseren iRacing da ake yaɗawa kai tsaye, NASCAR ta dakatar da shi, ƙungiyarsa ta sallame shi. Idan gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Shi ya sa muka tsaurara dokar magana a lokacin tsere, kuma an hukunta waɗanda suka karya ta ba tare da duba daɗewarsu a ƙungiya ba.

Tseren dogon zango

Mun shiga tseren sa'o'i 24 na Spa da na Daytona a rukunan da ƙarfinmu ya kai. A ɗayansu tawagarmu ta kammala lafiya, kuma wannan shi ne abin alfaharinmu na shekara. A ɗayan kuwa dokar rabon tuƙi ce ta ci mu. Dokar ta ce dole kowane direba ya tuƙa aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na rabon da zai samu da an raba zagayen daidai wa daida. Misali, mutum huɗu suka yi zagaye 400, rabon kowa 100 ne, to kowa sai ya yi 25 ko fiye. Direbanmu na huɗu an ajiye masa zangon ƙarshe. Yana hawa, bai yi nisa ba intanet ɗinsa ya fara tsinkewa, motar tana ɓacewa tana bayyana a idon sauran, daga nan ta tsaya cak. Wani ya karɓa ya ƙarasa. Sai da aka ɗaga tuta muna ta murna, sannan mai lissafi ya yi shiru na ɗan lokaci, ya ce zagayen mutumin nan ba su cika ba. Kwana ɗaya cur na rashin barci ya tafi a banza.

Yankewar layi ba ta bar manya ba. A watan Janairun 2023 Max Verstappen, zakaran F1, yana kan gaba a tseren Le Mans na kwamfuta aka yanke shi daga sabar, wato na'urar da ke haɗa masu tseren, ya fice cikin fushi. Amma namu kuskuren tsari ne, ba ƙaddara kaɗai ba. Yanzu doka ce a tawagoginmu: kowa ya cika mafi ƙarancin zagayensa a rabin farko na tsere, kuma babu mai hawa da wayfai, sai da kebul.

Gasar cikin gida da alƙalai

An kammala gasarmu ta cikin gida ba tare da an soke zagaye ko ɗaya ba. Sabon abu shi ne mun aro dokar kashi 107, wadda F1 ta shigo da ita a 1996: wanda lokacinsa na gwaji ya zarce na mafi sauri da fiye da kashi bakwai cikin ɗari ba zai tashi da manyan rukuni ba. An yi gunaguni da fari, daga baya waɗanda aka mayar rukuni na biyu suka ce sun fi jin daɗin tsere da sa'anninsu.

Alƙalanmu sun sha aiki. Ƙorafi ya ragu da aka sa dokar cewa sai an kwana kafin a shigar da ƙara, kuma sai da bidiyo da lambar zagaye. Da yawa idan gari ya waye suka sake kallo, sai su ga ashe su ne suka rufe wa mutum hanya. Muna neman ƙarin masu sa kai a wannan aiki, domin mutanen da ke yinsa yanzu sun gaji, kuma ba daidai ba ne alƙali ya yanke hukunci a tseren da shi ma yake ciki.

Abin da kwamiti ke kawowa gaban taro

Gaskiyar magana, mun watsa ƙarfinmu. Gurbin da ake nema ƙalilan ne: gasar eNASCAR ta iRacing direbobi 40 take ɗauka, ta Porsche da aka fara a 2019 ba ta kai haka ba, kuma an sha ware wani kaso na kujerun ga waɗanda suka yi fice a shekarar da ta gabata. A F1, wadda Brendon Leigh ya fara lashewa a 2017, sauri kaɗai ba ya ba ka kujera, sai wata ƙungiya ta ɗauke ka. Hanyar dai tana ɓullewa ga wanda ya bi ta: Igor Fraga ya ci gasar ƙasashe ta farko ta Gran Turismo a Monako a 2018, Jann Mardenborough kuma daga GT Academy ta 2011, gasar da ke mayar da 'yan wasan Gran Turismo direbobin gaske, ya kai ga tuƙa motar gaske a Le Mans. Amma mu ɗan tserenmu yau yana nan gobe yana can.

Don haka kwamiti na neman amincewarku a kan mu zaɓi tsani ɗaya a shekara mai zuwa, mu zuba horo da kayan aron ƙungiya a kansa, sauran kuma kowa ya ci gaba da yi don nishaɗi. Kwamiti ya rabu a kan wanne za a zaɓa. Masu son iRacing sun ce tsaninsa a bayyane yake kuma mun riga mun yi nisa a kai. Masu son Gran Turismo sun ce shigarsa ta fi sauƙi ga matasanmu. Ni ina tare da na farko, amma ƙuri'ata ɗaya ce kamar ta kowa. Za a kaɗa ƙuri'a bayan ma'aji ya gabatar da nasa rahoton, in sha Allah.

Waɗanda suka ari sitiyari da fedar ƙungiya, a dawo da su kafin taron don a duba lafiyarsu. Akwai guda ɗaya da birkinsa ke maƙalewa, kuma mun san wurin wanda yake.

Sakataren Ƙungiya
A madadin Kwamitin Gudanarwa