Ina 'yan rabin aji za su zauna?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a jaridarku domin in yi magana da shugabannin ƙananan hukumomi 44 na Jihar Kano, musamman takwas ɗin da ke cikin birni da kewaye, a kan halin da rabin aji, wato ajin reno na kafin aji ɗaya, yake ciki a firamarorinmu.

Shekara 27 na yi ina koyar da 'yan aji ɗaya kafin na yi ritaya. Tun makon farko nake gane yaron da ya yi rabin aji. Ya iya riƙe fensir, ya san ya ɗaga hannu ya ce "Malama zan zaga." Wanda aka ɗauko kai tsaye daga tsakar gida kuwa, sai ya damƙi fensir kamar muciya, ya wuni yana kuka a bakin taga. Kafin ya saba zango ya ƙare, kuma da yawansu haka suke bin baya har aji shida.

Yanzu abin ya zo kan jikata, 'yar shekara huɗu. Babanta ɗan adaidaita sahu ne, kuɗin zango da yunifom na makarantar kuɗi sun fi ƙarfinsa. Na kama hannunta muka je firamaren gwamnati ta unguwarmu. Ajin reno ɗaya ne tak, simintin ya farfashe, yara a cunkushe kan tabarmi biyu da suka yage, sauran a ƙasa. Malama ɗaya ce, ba mai taimaka mata. A gabana yaro ya ɓata wandonsa, ta ɗauki buta ta fita da shi, ajin ya koma hannun Allah. Wallahi ban ga laifinta ba, na san wannan wahalar.

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta sanya renon ƙananan yara cikin ilimin tushe. Kundin tsarin mulki na 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi hannu a samar da firamare da kula da ita, kuma kowace tana da sakataren ilimi. A 2019 an ce ilimi kyauta ne kuma dole a Kano, a 2024 aka ayyana dokar ta-ɓaci a kansa. A watan Yulin 2024 ɗin Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. To ranku ya daɗe, wane uzuri ya rage?

Ku sa kowane kansila ya zaga firamarorin mazaɓarsa ya ƙirgo ajujuwan reno da idonsa. A gyara daɓe, a yi musu banɗaki daidai tsayinsu da randar ruwa. 'Yan matanmu masu takardar shaidar koyarwa ta NCE suna nan zaune a gida, ku ɗauke su, biyu-biyu a kowane aji.

Ranar Litinin zan mayar da jikata makarantar, da 'yar tabarmarta a hammata.

Wassalam,
Malama mai ritaya, Kano