Wasiƙa daga kan kanal ɗin Oxford, ana ta ruwa

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata kana lafiya, kai da iyali da su Hajiya. Yaya hunturu, ya fara saukowa? Saƙonka ya iso, har da tsiyar da ka yi min, wai na bar gida na koma zaman jirgi kamar Sarkawan Yawuri. Na ji, na kuma yafe. Tunda ka tambayi yadda muke fama da ruwan sama, ga shi yau ba inda za mu, sai in ba ka labari a tsanake.

Muna ɗaure ne kusa da wani ƙauye, Aynho, kudu da Banbury, nan Ingila. A gabanmu kogin Cherwell yana ratsa kanal ɗin, wato hanyar ruwan da aka haƙa don jirage, kuma kogin ya cika. Akwai ma'aunin ruwa mai launi a wurin: kore ka wuce, rawaya ka yi hattara, ja ka tsaya. Yanzu a ja yake. Ko mutum ya yi taurin kai, gadar Nell da ke gaba ba ta da tsayi, idan ruwa ya tashi rufin jirgi ba zai shige ba. Jirage sun jeru a bayanmu, kowa hayaƙi na fita daga bututunsa, ba mai gaggawa.

Ka fara sanin jirgin. Faɗinsa ƙafa 6 da inci 10 ne, don a ƙafa 7 aka gina mashigan, wato ɗakunan ruwan da jirgi ke shiga ya hau ko ya sauka, tun zamanin da doki ke jan jiragen kwal. Idan na miƙe hannuwana saura kaɗan in taɓa bango biyu. Tsawo kuwa akwai shi, mafi tsayinsu kan kai ƙafa 70 da ɗoriya. Ɗakin kwana, banɗaki, kicin da falo duk a jere suke, ɗaya bayan ɗaya. Abin da ba wanda ya gane sai ya hau shi ne, wurin tuƙi a waje yake, can baya, ba rufi. Kana tsaye riƙe da sandar tuƙi, ruwa na dukanka, jirgin kuma doka ba ta yarda ya wuce mil 4 a awa ba. Mai tafiya a ƙasa da karensa yakan wuce mu yana ɗaga mana hannu.

Ruwan nan kuma ba irin namu ba ne, da hadari zai haɗu, ya zubar, gari ya washe. Yayyafi ne marar zuciya, tun asuba har dare, wani lokaci ba ka ma ganinsa sai ka ji wuyan rigarka ya jiƙe.

Inda aiki yake shi ne mashigai. Kowanne ɗaki ne na ruwa mai ƙofa gaba da baya: ka shigar da jirgi, ka rufe, ka ɗauki ƙarfen murɗawa ka buɗe kafar ruwa, ɗakin ya cika ko ya zube, jirgi ya hau ko ya sauka, sannan ka sa baya ka tura katakon ƙofa. A Napton guda 9 muka hau, a Claydon muka sauka 5. Da rani wasa ne. Da ruwa kuwa, dutsen bakin mashiga da katakon da ake takawa a tsallaka duk santsi, ga gansakuka, ga igiya ta sha ruwa ta yi nauyi tana tsage tafin hannu. Uwargida ce ke riƙe da jirgi a ciki, ni ina sama, kuma mun yi yarjejeniya ba gudu, ba tsalle, ko da wani na jiranmu. Ganyen da ke zuba a wannan kaka ma yana nannaɗe farfela, sai ka ji inji na kuka jirgi ba ya ci gaba. Ka ba shi baya kaɗan ya kakkaɓe. Idan leda ce ko igiya, dole ka kashe inji, ka buɗe murfin da ke saman farfelar, ka zura hannu cikin ruwa mai sanyin ƙanƙara.

Amma ni a ganina ruwan da ke sauka daga sama ba shi ne babban abokin gaba ba. Danshin cikin jirgi ne. Jikin jirgin ƙarfe ne, yana zaune cikin ruwan sanyi. Numfashinmu, tururin girki, jiƙaƙƙun kaya, duk sai su koma raɓa a tagogi. Kowace safiya da tsumma nake farawa. Ka manta da kabad mako guda, ka tarar fumfuna ta kama takalmi da bayan katifa. Maganinsa murhun kwal, a bar shi yana ci dare da rana, a kuma bar kafofin iska a buɗe duk da sanyi. Wanda ya toshe su don neman ɗumi yana wasa da ransa, shi ya sa dole kowane jirgi ya kasance da na'urar da ke ƙara idan gubar hayaƙi ta taru. Kwal, dizal da tukunyar gas wasu jirage ne ke yawo da su suna sayarwa, su tsaya a gefenka a miƙo maka buhu. Sola kuwa a wannan wata sunanta kawai, sai an tayar da inji batir ke samun caji.

Za ka yi dariya da batun alƙibla. James Brindley, wanda ya tsara kanal ɗin nan (an kai shi Oxford a 1790, bayan rasuwarsa), ba ya son haƙa tudu, sai ya bi gefensa. Tsakanin Marston Doles da Claydon mil 11 ne ta ruwa, alhali a miƙe bai kai rabin haka ba. Inda na fuskanta da azahar ba nan ba ne da la'asar. Duk sallah sai na duba waya. Ga rana gajera, ƙarfe huɗu da 'yan mintuna an yi magariba.

Da ka ce me zai hana mu ɗaure wuri guda har bazara: lasisinmu na masu yawo ne. Hukumar Canal & River Trust, wadda ke kula da kusan mil 2,000 na waɗannan hanyoyi tun 2012, ba ta yarda mu wuce kwana 14 a wuri ɗaya ba, sai da uzuri irin wannan cikar kogi. Daga Nuwamba zuwa Maris kuma suna rufe wasu mashigai don gyara, dole ka duba jadawali kafin ka tashi.

Tsofaffin masu jirgi ba sa zagin ruwan sama, na kuma ga dalili. Duk jirgin da ya sauka mashiga, ɗaki guda na ruwa ya tafi da shi, kuma tafkunan da ke ciyar da ƙololuwar kanal ɗin, irin su Boddington, da ruwan sama suke cika. Shekarar da aka yi fari, taƙaita wucewa ake yi, wani wurin a sa kwaɗo.

Idan ma'aunin ya sauko, za mu wuce mashigan Nell da Aynho, sai ta Somerton, zurfinta ƙafa 12, daga nan mu nufi Heyford mu cika tankin ruwan sha, don ya kusa ƙarewa. In ka samu mai tahowa, a sako min yaji da kuka, namu ya tasam ma ƙarewa. Ka gaida Hajiya da kyau, ka ce ta ci gaba da sa mu a addu'a. Uwargida na gaida maiɗakinka da yara.

Naka har kullum,
abokinka na kan ruwa.